Amsoshin da Ban Ba Ki Ba a Bakin Famfo

Zuwa ga yarinyar nan da ke Buea,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya raba ki da sanyin dutsen nan da aka ce yana shiga har ƙashi. Wai da gaske ne gajimare yana saukowa ya shiga ɗakin mutum ta taga? Tun da aka gaya mini nake ta hasko shi a raina. Mu nan unguwar New Bell a Duwala lafiya lau, sai ruwan saman da kika sani, wanda ba ya gajiya.

Na san za ki juya takardar ki duba bayanta, ko an yi kuskuren mai aikowa. Ba a yi ba, ni ce. Ke ce 'yar farina, kin kuma san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ko unguwa ma Maman Sadiƙu take ce mini, da sunan ƙaninki, alhali kin riga shi zuwa duniya. A waya ba zan iya ba, bakina zai ƙi. Sai na lura hannu bai kai baki kunya ba, shi ya sa na ɗauki biro. Zan sa ta cikin kwalin dambun nama da yaji da za a kai miki ta motar fasinja ta ajans.

Na ji saƙon muryar da kika aiko wa kakarki Hajiya. Ba laɓe na yi ba. Kin san Hajiya ba ta iya rage ƙarar waya ba, duk tsakar gida aka ji, har da kaji. Kin ce tun da kika shiga makarantar koyon aikin jinyar nan ba ki ce uffan a aji ba. Kin ce Turancin yana nan a kanki, amma da malama ta nuna ki sai ya gudu. Kin ce malamar ta yi gargaɗi cewa wadda ba ta magana ba za a tura ta ɗakin majinyata ba, don nas da tambaya take aiki. Sannan kika ce, "Hajiya ƙawata, ki ce wa Baba ya zo ya ɗauke ni." Ina wanki a lokacin. Na daɗe ina cuɗa riga ɗaya wadda ta riga ta fita.

Kin tuna wata ranar kafin tafiyarki? Madam Bih, maƙwabciyarmu malamar nan 'yar Bamenda da take koya miki Turanci, ta ce ki sami wani a gida ki riƙa yi masa tambayoyi don bakinki ya saba. Kika zo kika tsaya a kaina ina gyaran kifi a bakin famfo, kina murza gefen hijabinki. Da wata 'yar murya kamar ta sauro kika ce, "Have you ever been to Kano?" Wato ko na taɓa zuwa Kano. Da ban tanka ba kika ƙara wata, ko na taɓa karanta littafin Turanci. Sai ta ƙarshe, ko na taɓa jin tsoro. Na ce, "Ke, ba ki ga ina aiki ba? Je ki wurin Hajiya." Kika tafi sumui-sumui, kina zaton ban gane ko kalma ɗaya ba.

Na gane su duka. To ga amsoshinki, ko da sun makara.

Na taɓa zuwa Kano, sau ɗaya, ina budurwa ƙasa da shekarunki kaɗan. Innata ce ta tafi da ni in ga mahaifiyarta, wadda ake ce wa Iya Tsohuwa. Duk hanya ina ta ɗoki, don a ganina gida za ni, garin da Hausa ta fito. Ranar da muka sauka ƙishi ya dame ni, na tambayi 'yan'uwana 'yan mata ina robine yake. Suka kalli juna.

"Ina me?"

"Robine. Na ruwa."

"Famfo take nufi! Wayyo cikina! 'Yar Duwala, don Allah sake faɗi."

Da na ce ina zuwa lekol maimakon makaranta, ɗaya ta faɗi a kan tabarma tana shure-shure. Suka kira maƙwabta su zo su ji Hausar Kamaru. Daga ranar na rufe bakina. In an tambaye ni abu, in gyaɗa kai ko in girgiza.

Iya Tsohuwa kuwa idanunta sun riga sun tafi. Kullum da hantsi sai ta sa a zaunar da ni kusa da ita, ta riƙa shafa fuskata tana tambaya. "Ke, wai da gaske ne a garinku akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa? Wai jirgin ruwa ya fi gidan nan girma?" Ni kuwa na san amsa. Na sha tsayawa kan gada ina kallon jirage suna shigowa tashar ruwa, na san warin wajen, na san kukan da suke yi kamar na saniya. Amma 'yan matan suna zaune a bakin ƙofa suna jiran in buɗe baki. Sai na gyaɗa kai. Makauniya na gyaɗa wa kai, yarinyar nan. Ta jira, ta jira, sannan ta ce wa Innata, "Ashe jikar tawa bebiya ce, ba ku gaya mini ba." Muka dawo Duwala, ba a daɗe ba aka aiko ta rasu.

Shekarun baya ɗaya daga cikin 'yan matan ta zo nan sarin kaya, ta kwana a gidanmu. Na tuna mata zancen robine. Wallahi ba ta tuna ba. Ta ce, "Mu muka yi haka? Kai, yarinta!" ta ci gaba da cin kifinta. Ki ji wannan da kyau. Mai dariya yana mantawa kafin ya kai gida. Ke ce kawai za ki riƙe abin ki yi ta dakonsa. 'Yan ajinku in sun yi dariyar lafazinki, ki bar su su gama, ba ta daɗewa. Ki dubi wanda yake jiran amsar, shi za ki yi wa magana.

Tambayarki ta biyu, ko na taɓa karanta littafin Turanci. Da za ki ɗaga tsofaffin zannuwan da ke ƙasan akwatina, da kin sha mamaki. Lokacin ina lise, wato sakandare, kuɗin makala, fanken nan, da ake ba ni na karin kumallo wurin 'yan poto yake ƙarewa, masu baza tsofaffin littattafai a gindin turken lantarki kusa da babbar kasuwa. Na fara da na soyayya na Faransanci. Da na cinye su sai na koma na Hausa da fatake ke kawowa daga Kano, a cikinsu ma na koyi wannan rubutun da kike karantawa. Da su ma suka ƙare, ba abin da ya rage a shimfiɗar sai na Turanci, masu hoton mace da doguwar riga iska tana kaɗa gashinta, wani mutum yana tsaye bayanta ya ɗaure fuska. Na ce ko me za a yi sai na san abin da ya ɗaure masa fuska. Da ƙamus na bi su, kalma bayan kalma, har na daina buƙatar ƙamus ɗin.

A cikinsu na fara lura da irin ginin maganar da Madam Bih ta yi ta nanata miki. Abin ya daɗe yana ba ni sha'awa. Ka ɗauko have, in mutum ɗaya ake zance a kansa, shi ko ita, ka ɗauko has, sannan ka jingina masa siffa ta uku ta aikatau. Eat, ate, eaten, ta ukun ce abokiyar tafiyarsa. Mutanen cikin littattafan nan ba sa rabuwa da shi. Mutumin zai kama hannunta ya ce, "I have waited for you," wai ya jira ta, kuma ga shi jiran ya kawo shi har inda suke tsaye. Ita kuma ta ce, "I have never loved him," ba ta taɓa son wancan ba. Na ga ashe inda mu muke cewa na taɓa, ban taɓa ba, na riga, tun tuni nake, su duk a tukunya ɗaya suke dafa su. Na ga kuma 'yan kasuwa masu Pidgin sun huta abinsu, da kalmarsu ta don kawai suke gamawa, I don chop, shi ke nan ya ci. Na kan zauna ina tunanin wa ya fara ƙirƙiro waɗannan abubuwa, kuma me ya sa kowane harshe da inda yake wahalar da kansa.

Wata rana a aji malamin Turanci ya ce wa zai ba da misali. Na ɗaga hannu, karon farko a rayuwata. Na ce, "I have seen him yesterday." Faransanci ne ya ja ni, don a can je l'ai vu hier daidai ne. Malamin bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, in kin ambaci lokacin da ya wuce ya rufe, kamar jiya ko bara, sai ki ce I saw him, wancan ginin ba ya zama da jiya. Ya juya ya ci gaba da rubutu a allo. Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Amma ni ji na yi kamar an kwance mini zani a kasuwa. Ban sake ɗaga hannu ba har na bar makaranta. Gyaran kuwa ya zauna, ga shi har yau ban manta ba. Ki duba wautar, abin da ya fi kowane darasi zama a kaina shi ne wanda na yi kuskure a kansa da baki, amma sai na rufe hanyar.

Akwai kuma wani abu, kada ki gaya wa Hajiya. A wurin 'yan poton akwai wani ɗalibi dogo da yake zuwa, mai baƙar laima da ƙashinta ɗaya ya karye. Shi ma na Turanci yake ɗauka. Ran nan na dawo da wani littafi zan musanya, ana yayyafi, sai ya matso da laimar ta rufe littafin, ba ni ba, ya ce, "Have you finished that one?" Ko na gama wannan. Na gane sarai. Amsar tana kan harshena, gajeriya, Yes, I have. Kin san abin da na yi? Na ajiye littafin na ruga cikin ruwa har silifas ɗina ya tsinke. Duk daminar nan in mun haɗu sai ya ɗaga littafi ya yi tambaya, ni kuma in sunkuyar da kai. Da rani ya shigo ban sake ganinsa ba.

Ba cewa nake da na aure shi ba, a'uzubillahi, Babanku ya fi shi komai har da hanci. Abin da ke ci mini rai daban ne. Littafin nan shafukansa na ƙarshe a yage suke, ban san ko matar ta hau jirgin ta tafi ko ta tsaya ba. Shi kuwa na ga alamar ya taɓa karanta shi. Da na buɗe baki da na ji ƙarshen labarin. Har yau in ina tuƙa tuwo nakan ƙirƙira masa ƙarshe, yau ta tafi, gobe ta tsaya.

Ba aikenki nake ki riƙa tsayawa da masu laima ba, kin ji ko. Abin da nake so ki gane shi ne harshen da ya shiga ta ido ba ya sauka baki da kansa. Ni na tara Turanci cike da kai, kamar mai tara atamfofi a akwati ba ta taɓa kai wa tela ba. Ke ma na ga haka kike, don na sha ganin hasken wayarki kina karatu leɓɓanki a rufe. Ki riƙa karantawa da ƙarfi. Ki karanta wa bango, ki karanta wa bokitin wanka. Tambayoyin aikinku ma ai kusan duk da wannan ginin ake yin su, ko ka ci abinci, ko ka sha maganinka, tun yaushe kake jin ciwon. Ki yi ta yi wa matashin kanki su har ya gaji ya amsa.

Saura ta ukun, ko na taɓa jin tsoro. Wannan ce ta sa na kore ki a bakin famfo, don amsar ke ce.

Ranar da aka ba ki kyautar kimiyya a lise, na je. Kin gan ni can baya kusa da ƙofa, na ja mayafi. Da aka kira ki iyayen wasu ma sun tafa miki, ni hannuwana suna cikin mayafi ina matse su. Kika taho da littattafan kyautar a ƙirji kina ta haske, kika tsaya a gabana kina jira. Na ce, "Ɗankwalinki ya zame." Na ga yadda fuskarki ta mutu a hankali. A hanya matan unguwa suna ta yabona, wai Maman Sadiƙu akwai kunya, ko kallon 'yar ba ta yi ba. Na ji daɗin yabon, ban ɓoye miki ba. Sai daga baya na fara lura. In kin zo da magana kin ga fuskata, sai ki haɗiye. In baƙi sun tambaye ki abu, sai ki gyaɗa kai. Ran nan na hango ki kina gyaɗa wa mai kanti kai, wuyanki ya karkata daidai yadda nawa yake yi, sai gabana ya faɗi. Tsoron da na ji ke nan. Ban taɓa zaunar da ke na ce ki yi shiru ba, kallona kawai kika yi kika koya.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba. Da ita aka raine ni, kuma ba zan yar da ita a tsufana ba. Amma tana da wurin zamanta. Aji ba gidan surukai ba ne. Marar lafiyar da ke kwance yana nishi ba ya buƙatar kunyarki, so yake a tambaye shi inda ke masa ciwo.

Da na ji saƙonki na ce ba zan umarce ki da abin da ni ban gwada ba. Na ciro littafi ɗaya daga ƙasan akwati, na naɗe shi a zani, na shiga wurin Madam Bih da la'asar. Tana zaune tana duba takardun 'yan makaranta. Kin san hirarmu, rabi Faransanci rabi Pidgin.

"Maman Sadiƙu! Lafiya? Gishiri ne ya ƙare?"

"Karatu na zo yi."

"Karatun me?"

Na buɗe littafin na fara da ƙarfi. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba ta kife a kan takardun tana dariya har ɗankwalinta ya faɗi.

"Wayyo Allah, 'yar'uwa, wannan Turanci ne, ko Faransanci ne ya ari rigar mutane? Tsaya, tsaya. Tun yaushe kike ɓoye wannan a gidan nan? Ina ta wahala da 'yarki, ashe malama tana bayan katanga tana soya kifi!"

Ƙafafuna suka ce mu tafi. Na ce musu ba inda za mu. Ta share hawaye, ta gyara mini kalmomin, na sake. Sai ta miƙe a kan benci ta riƙe ciki tana nishi, wai ita majinyaciya ce ni nas, in tambaye ta. Na ce, "Have you taken your medicine?" Ta ce ba ta sha ba, ɗaci gare shi. Na ce, "Have you eaten?" Ta ce ta ci bobolo, ƙullin rogon nan, har uku da kifin maƙwabciyarta da ba a ba ta ba. Sai ga ni ina dariya ni ma. Na fito ina taɓa jikina, ba abin da ya ragu. Abin mamaki, muryata da Turanci ba irin wadda nake ji a kaina ba ce duk shekarun nan. Ta cikin kai siririya ce mai daɗi, irin ta matan littafi. Ta waje kuwa muryar mai sayar da kifi ce. Amma ita ce aka ji.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai takardar nan ta riga kowa isa gare ki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Babanku yana cin abinci a ɗakin Hajiya. Na shiga da ruwan wanke hannu, sai na ji yana cewa, "Hajiya, na yanke shawara. Ƙarshen wata zan je in taho da ita. Ta zauna a shagon kawunta a unguwar Cité des Palmiers tana taya shi, baɗi a sake dubawa."

Hajiya ta ce, "Dama ni ban so tafiyar nan ba. Tun da ƙawata ta tafi ba mai matsa mini ƙafa yadda nake so."

Na san wannan baɗin. Da shi ni ma na bar lise, har yau bai zo ba. Kin kuma san a gaban Hajiya ban taɓa sa baki a zancenki ba, ko suna aka yi miki ko faɗa. Na durƙusa na ajiye kwanon ruwan. Sai na ji wata murya ta ce, "Kada a je." Ashe tawa ce.

Babanku ya tsaya da loma a hannu. "Quoi?"

"Na ce kada a je, Malam. A bar ta."

Hajiya ta cire goron da ke bakinta ta dube ni sama da ƙasa. "La'ilaha illallahu. Habi, yau ke ce da bakin magana a kan 'yar fari? A gabana? Ku duba mini waje ko rana ta fito ta yamma."

Na ce, "Ki gafarce ni, Hajiya. Ciwon da ke damunta a wurina ta ɗauka. In ta dawo gidan nan ba za ta warke ba, don a nan ciwon yake."

Babanku ya ce, "Yarinya tana can tana kuka, ke kina cewa a bar ta?"

"Ta yi kukan. In ta gama ta ɗaga hannu a aji."

Hajiya ta nuna Babanku da haɓa. "Wannan da kike gani ɗan farina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa ba. Ya zama bebe? Mutumin da in ya fara surutu sai an kashe rediyo?"

Na ce, "Shi namiji ne, Hajiya. Da ya fita ƙofa ga dandali, ga masallaci, ga tashar ruwa, ko'ina ana koya masa magana. Ita daga ɗakina sai ɗakinki."

Ina durƙushe ina kallon tabarma. Na ce yau kam na jawo wa kaina. Hajiya ta mayar da goronta baki, ta tauna, ta tauna. Can ta ce wa Babanku, "Kai, ci abincinka. A bar ta ta kai ƙarshen zangon nan. Matar da ta shekara ashirin a gidan nan ban san launin muryarta ba, in ta yi magana ai sai a saurara." Sannan ta juyo kaina. "Ke kuma tashi ki ba ni wuri, marar kunya. Daga yau ke za ki riƙa matsa mini ƙafar, tun da ke kika hana a dawo mini da mai yi."

Babanku ya gama cin abinci ya tashi zai fita. Yana sa takalmi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In ta faɗi jarrabawar fa?" Na ce in ta faɗi da bakinta a buɗe, ni zan je in taho da ita da kaina.

To kin ji. Babanku ba zai zo ƙarshen wata ba, kuma ba Hajiya ce ta ƙi isar da saƙonki ba, ta isar. Ni na tare hanya. Na san za ki ji haushi, wataƙila ki ce uwar da ba ta taɓa ce miki sannu ba, ranar da ta tashi magana sai ta hana a cece ki. Kina da gaskiyar jin haka. Abu ɗaya na roƙe ki, kada ki haɗiye shi. Kada ki aika wa Hajiya. Lambata tana wayarki, ban taɓa ganin tawa wayar ta kawo sunanki ba. Ki kira ni ki gaya mini kin ji haushi, da Hausa, da Faransanci, ko da Turancin, wanda duk ya riga zuwa bakinki. Ki ɗaga murya yadda zan ji ki a kan ƙarar ruwan sama. Zan ɗauka, ko a gaban wa nake.

Allah Ya buɗe ƙirjinki, Ya warware harshenki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na dare da na mugun aboki, Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya dace, ba kafinsa ba. Ki riƙe sallarki, ki sa rigar sanyi, dambun kuma ki ba 'yan ɗakinku su ɗanɗana.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarki.